Firizar Iya Basira

'Yan matan nan da kuke zuwa wurina koyon aiki, na ji abin da ɗayarku ta faɗa ran nan, ta ɗauka na shiga ɗaki. Cewa ta yi, "Ashe dai sana'ar Mama hawa kujera ce, a kwance ƙwan fitila a ɗaura wani." Ban ji haushi ba, ni ma da haka na ɗauka. Amma tunda muryata ba ta da ƙarfin da za ta tsayar da ku wuri ɗaya, bari in rubuta muku aiki guda da na yi a unguwar Rikkos, ku karanta in kun natsu. Da na yi gaggawa a aikin nan, da wata tsohuwa ta rasa ɗakin da ta yi furfura a cikinsa.

Sunanta Iya Basira. Bayarabiya ce, amma a nan Jos aka binne cibiyarta, Hausarta ma ta fi tawa gishiri. Zoɓo da kunun aya take ƙullawa a leda, ta daskarar a firiza, a zo har ƙofa a saya. Tana haya a gidan wani Alhaji Garba, babban gida mai ɗakuna a jere, shi da iyalinsa suna sashen baya. Gidan duka mita ɗaya ce, irin ta kati, kowa ya kawo nasa kason a haɗa a sa.

Lokacin marka ne, ruwa ba ya tsayawa, ba ya kuma zuba da ƙarfi, sanyi na shiga har ƙashi. Ina ɗaki a Nasarawa Gwom sai ga Maman Joy, maƙwabciyar Iya, ta shigo da lema ko naɗe ta ba ta yi ba.

"Maman Habu, tashi ki sa hijabi. Za a kori Iya."

"Wace Iyar?"

"Iya mai zoɓo mana! Katin da yake kai mu ƙarshen wata, yanzu ko rabi ba ya kaiwa. Kowa ya ce firizarta ce, har da ni, ba zan ɓoye miki ba. Alhaji ya ce ko ta sayar da firiza, ko ta ba shi ɗakinsa ranar Juma'a in an sauko. To in ta sayar da firiza me za ta ci, ƙasa? Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Ki zo ki duba."

Ranar Alhamis ce. Na ɗauki jakata.

Kun san jakar, wannan tsohuwar ta makaranta da Habu ya bari. Tasta ta gwada wuta, filaya, sukundireba babba da ƙarama, salatif, fararen ƙwan fitila masu ƙarancin cin wuta, robar basilin, tsumma, da guntun takarda. Ku takardar ce take ba ku dariya. To ita ce kayan aikin da aka fara ba ni.

Ni da dillanci nake yi. Ina shiga gida-gida da atamfa da kwanuka, har gidajen da aka rubuta ba shiga a ƙofarsu. Mata sai su riƙa ce mini, "Maman Habu, firjin nan nawa ba ya sanyi, ga shi kwana yake yana kuka." Ni kuma in kai saƙo wurin Oga Rasaki, mai gyaran firji a wani lungu kusa da kasuwar Terminus. Shi namiji, ba dama ya shiga. Firji kuma ba a ɗauka a ka. Rannan ya gaji, ya jefar da filaya ya ce, "Maman Habu, kai kana shiga inda ni ba na shiga. Zo ka koya, ka hutar da ni." Shi kowa kai ne a wurinsa, mace da namiji.

Na ɗauka zai buɗe mini cikin inji. Ina! Tsumma ya ba ni. Na daɗe ba abin da nake yi sai goge ƙurar ragar nan ta bayan firji, har na fara tunanin 'yar aiki yake nema a ɓagas. Sai daga baya ya sa na ɗora bayan hannuna a jikin inji kafin gogewa, da kuma bayan an goge an jima. Na ji da kaina yadda zafin ya sauka. Sannan ya miƙo mini takarda ya ce in maƙala a ƙofar firji, in rufe, in ja. In ta riƙe, robar ƙofa lafiya lau. In ta zare salin-alin, to sanyi ta nan yake gudu, inji kuma ya yi ta haki yana biyan bashin da ba shi ya ci ba. Kai, ranar da na fara jan takarda ta zare a hannuna, har gida na tafi ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

Karatun yaƙi da jahilci da nake zuwa da yamma shi ya buɗe mini sauran. Oga ya riƙa juya mini kaya yana nuna mini lambar da ke rubuce a gindinsu, kusa da harafin nan mai kama da haƙoran zarto. Rediyo lambarsa 'yar ƙarama. Fanka ta ɗan fi. Da muka juya dutsen guga sai na ce, "Oga, ko dai kuskure suka yi?" Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Riƙe wannan har ka mutu. Duk abin da ke yin zafi, shi ne ɗan fashi. Mai yin sanyi ɗan sane ne kawai." Allah ya jiƙan Oga Rasaki.

Da muka isa Rikkos na tarar da Alhaji Garba a zaure, ya lulluɓa da bargo, yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ke ce mai duba wutar?"

"Ni ce, Alhaji."

"To bismilla. Ni ba na son zalunci. Baiwar Allahn nan tun ina saurayi take gidan nan. Amma mutane sun gaji, kullum a kaina ake sauke faɗa. Ki duba, abin da kika gani ki faɗa mini tsakaninki da Allah."

Ɗakin Iya na ƙarshe ne, jikin katangar sashen Alhaji. Har ta fara ɗaure kaya, ga buhuna biyu a bakin gado. Ta ce, "Sannu da zuwa, 'yata. Kin sha ruwa a banza. Ga ta can, mai laifin." Na sha ganin wanda ake zargi, yawanci kafin in ajiye jaka ya rantse mini sau uku. Ita ta zauna tana ƙulla zoɓonta.

Firizar kuwa tana da nata laifin, ba zan wanke ta tas ba. An matse ta jikin bango ba inda za ta shaƙi iska. Risho na gefenta. Ƙanƙara ta yi kauri a ciki kamar dakali. Na sa takarda na ja, ta zare ta ɓangare biyu. Muka kashe ta, muka kwashe kaya a baho. Na jiƙa tsumma da ruwan zafi na bi robar ƙofar ina dannawa har ta yi laushi ta koma mazauninta, na shafa mata basilin kaɗan. Ƙanƙarar kuma, ku ji da kyau, ba a sa mata wuƙa. Wuƙa ta huda bututu, an gama. Kwanon ruwan ɗumi ake sawa a ciki a rufe, ita da kanta za ta saki. Muka ja firizar baya tazarar tafin hannu, risho ya koma bakin ƙofa, na goge ragar baya. Na sake sa takarda. Ta riƙe gam! Na ce, "Iya, zo ki ja." Ta ja, ta ƙi zuwa. Ta ce, "Oho, yau kuma ta san ta rufe baki."

Daga nan sai wurin mita. Wannan shi ne wurin da na fi so a duk aikin nan. A fuskarta akwai wata 'yar jar wuta mai ƙiftawa. In gida na cin wuta kaɗan, ta ƙifta a hankali. In ana ci da yawa, ta yi ta ƙiftawa da sauri. Ba ta san mai gida ba, ba ta san ɗan haya ba. Na roƙi matan gidan kowa ta kashe komai nata, har cajar waya. Jar wutar ta tsaya cik. Sannan na ce a riƙa kunnawa ɗaya-ɗaya, wadda ta kunna ta ɗaga murya ta faɗa.

"Talabijin!"

Ƙif. Shiru. Shiru. Ƙif.

"Fitilar baranda!"

Jajayen ƙwan nan ne na da, masu ƙona hannu, guda nawa a jere, ga shi ba a kashe su ko da rana tsaka saboda makunnin ya lalace, ranar ma sai da aka sassauta su kafin mita ta tsaya. Wutar ta ɗan ƙara sauri. Nan take na gyara makunnin, na hau kujera na sauya su da farare, aka sake kunnawa. Haske ya fi na da, jar wuta kuwa ta koma barcinta. Mata suka ɗauki shewa. Wata ta ce, "La ila! Ashe ƙwan nan abokin gaba ne muke kwana da shi!"

Na ce, "Maman Joy, saura dutsen gugarki."

"Ni ba na guga."

"Ƙarya take!" in ji wata daga ɗaki. "Har ɗankwali take gogewa ɗaya-ɗaya, safe da yamma!"

Aka sa ta dole ta kunna. Jar wuta ta zabura. Gida ya kaure da dariya, ita ma tana yi tana cewa, "Ni na kawo ki gidan nan fa, Maman Habu, haka za ki yi mini?" Na ce mata ta tara guga ta yi rana ɗaya, ta fara da masu kauri, in ta zo kan ɗankwali ta zare wayar, sauran zafin ya ishe su.

Sai aka zo kan firizar Iya. Kowa ya matso, har masu goyo. Iya ta sa soket. Inji ya yi gurnaninsa ya tashi. Jar wutar ta yi ƙif, ta jira, ta sake yin ƙif, kamar tsohuwa mai gyangyaɗi a bakin murhu. Na ce musu ko kafin in gyara ta, cin da take yi bai kai ya cinye katin wata a rabin wata ba. Ba ita ba ce.

"To wace ce?" in ji Maman Joy.

Ban sani ba. Na kuwa faɗa musu ban sani ba. Duk abin da aka kunna a gabana, in an haɗa shi, bai kai ɓarnar da suke faɗa ba. An leƙa sashen Alhaji ma, firji ne da talabijin da fitilu, ba wani abu. In na fita na ce wa Alhaji ba firiza ba ce, ban kuma nuna masa ko mene ne ba, kati zai sake ƙarewa, a sake komawa kan Iya, tunda ita ce mai ƙaton abu mai ƙara.

Ga abin da nake so ku riƙe. Gida kamar mutum yake, yana da lokacin cin abincinsa. Wanda ya leƙa da hantsi ya tafi, bai ga gidan ba. Na roƙi tabarma, na shimfiɗa a ƙarƙashin mita, na zauna. Na yi azahar a nan. Iya ta kawo mini amala da miyar kuɓewa, na ci a nan. Mata suka gaji suka watse. Ruwa na ta yayyafi, ƙafafuna sun yi sanyi kamar ba nawa ba. Na yi la'asar.

Ina shafa addu'a na ɗaga ido. Wayyo! Jar wutar nan tana bugawa kamar zuciyar tsuntsun da aka kama a hannu. Ko dutsen gugar Maman Joy bai sa ta haka ba. Na miƙe ban ko naɗe sallaya ba. Na bi ƙofa-ƙofa ina kasa kunne, ina shaƙar iska. Babu mai girki da lantarki, babu mai guga. Sai a can ƙarshe, ta bayan tagar Iya, na hango wata siririyar waya, irin ta rediyo, ta fito daga kicin ɗin sashen Alhaji, ta bi kan katanga ta sauka bayan gida. Na ɗora bayan hannu. Zafi rau, har roba ta fara wari. Tare da warin kuma wani ƙamshi da kowace uwa ta sani: ganyen darbejiya a ruwan zafi.

Na yi sallama na shiga. A ƙarƙashin wata rumfar kwano ga duro cike da ruwa, baki buɗe, tururi na tashi yana bin iska. An gitta sanda a bakinsa, an rataya hita biyu, irin naɗaɗɗen ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti. Hajiya, matar Alhaji, tana tsaye da damin ganye a hannu. Daga ɗaki ina jin kukan jariri.

Ashe Zainabu ce, 'yarsu ta fari, ta haihu ta zo wankan gida. Wankan jego kuwa kun sani, safe da yamma, ruwa mai yawa, mai zafi.

Hajiya ta ce, "Ke kuma daga ina?"

"Waya na biyo, Hajiya. Barka da arziki. Allah ya raya."

"Amin." Ta dubi hitar, ta dube ni, ta rage murya. "Itace ne ya jiƙe. Marka ta hana shi kamawa, hayaƙi ya cika gida, yaro na tari. Ƙanwata ta aro mini waɗannan. Alhaji da bakinsa ya hana hita a gidan nan, shi ya sa nake ɓoye su a cikin buhun gero in an gama. Amma ai ba su ne ke shan katin ba. 'Yan ƙarafan nan? Dubi girmansu fa. Ko ƙara ba sa yi. Firizar Iya kuwa kamar akwatin gawa, kwana take tana gurnani."

Ba ƙarya take yi ba. Har zuciyarta haka ta ɗauka, kuma duk gidan da ido da kunne suka yi hukunci. Shi Alhaji kuwa ba zai taɓa sani ba. Wane uba ne zai leƙa inda ake wa 'yarsa wankan jego? 'Yar fari ma, wadda ko sunanta ba ya kamawa.

Ban yi mata musu ba. Na ce ta yafa mayafi ta biyo ni. Na tsayar da ita gaban mita, na koma na zare wayar, na dawo. Na tarar ta dafe ƙirji.

"Ta tsaya," in ji ta. "Ina kallo ta tsaya. Innalillahi. Ashe mu ne." Sai ta kama hannuna. "Maman Habu, ki rufa mini asiri. In Alhaji ya ji na karya dokarsa, a gaban 'yan haya, ina zan sa kaina? Kuma wankan nan ba zai tsaya ba, da saura kafin arba'in."

Na ce, "Wanka ba zai tsaya ba, Hajiya, ni ma uwa ce. Bakina kuma ba zai ambaci sunanki ba. Amma gobe in ya tambaye ni, ba zan ce firiza ce ba. Wayar nan kuwa yau za ta sauka, kafin ta kama da wuta, ko wani ya tsoma hannu a duro hita na jone."

Abin da na yi wa duron nan, a muguwar shekara na koye shi. Shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka yi ta karo-karo ana jira, wata ya bi wata. Inda babu wuta wa zai kira mai rage cin wuta? Tasta ta yi tsatsa a jaka. Kalanzir ya yi tsada, gawayi ya yi tsada. Ina dafa wake rannan gawayi ya ƙare yana tsakiyar tafasa. Don takaici na sauke tukunyar, na naɗe ta da tsohon bargo, na cusa a kwando, na ce in na samo gawayi na ƙarasa. Da na dawo na buɗe, wake ya nuna luguf, har yana ƙona yatsa! Na kira maƙwabta su zo su gani kamar na haifi 'yan biyu. Daga nan na fara ɗinka rigar tukunya, buhu biyu a cusa garin katako ko auduga a tsakani, da matashin rufe kai. Da ita na ci abinci har wuta ta dawo. Zafi in ka riga ka saye shi, kada ka bar shi ya gudu. Shi ke nan karatun.

Aka ƙarasa wa Zainabu wankan yamma da ruwan da ya riga ya yi zafi. Na aika wurin kafintan bakin layi aka ciko mana buhu da garin katako. Ni da Hajiya muka zauna da allurar buhu muka ɗinka wa duro riga, muka ɗora shi kan katako don kada siminti ya sha zafinsa ta ƙasa, muka samo faifan tire muka rufe bakin, muka danne da tsofaffin barguna. Na sauke siririyar wayar na naɗe. Na nuna mata soket mai ƙarfi a kicin, na ce hita ɗaya, a bokitin roba mai kauri, a zare kafin a taɓa ruwa, a juye a duro a rufe. Na ce kuma ba sai an cika duro ba, rabinsa ma ana zubarwa ne, kuma ko a asibiti cewa suke kada ruwan ya kai mai salɓe fata.

Da zan fita Alhaji ya ce, "Yaya?" Na ce, "Gobe in an sauko, in Allah ya yarda."

Da sassafe na dawo. Hajiya ta tare ni tun daga ƙofa, ta manta ma da gaisuwa. "Zo ki taɓa! Zo ki taɓa!" Ta ɗaga bargo ta ɗaga tire. Tururi ya bugi fuskokinmu. Ruwan jiya, ya kwana a sanyin Jos, cikin marka, da ɗuminsa! Bokiti kaɗan aka ƙara ya isa wanka. Muka tsaya mu biyu muna dariya kamar yara. Ta ce, "Wallahi kamar tsafi." Sai kuma dariyar ta ɗauke mata, don ta hango Iya ta katanga tana fitar da buhu na uku.

Da aka sauko Juma'a Alhaji ya sa aka ajiye masa kujera a tsakar gida. 'Yan haya suka fito. Iya ta zauna kan buhunta. Hajiya na bayan labulen ƙofar sashensu, ƙafafunta kawai nake gani.

"To, Malama, me kika gani?"

"Alhaji, firiza ba ita ba ce. Tana da 'yan matsaloli, na gyara. Kowa a nan ya ga mita da idonsa."

"Mun gani," in ji Maman Joy.

"To in ba ita ba ce, mene ne?"

"An gano shi, Alhaji, an kuma gyara. Katin nan zai kai ku inda yake kai ku, har ya wuce."

"Ba haka na tambaye ki ba. Na ce wa baiwar Allah ta bar gidana a kan abin nan. Ina so in san wane ne."

Na sunkuyar da kai, ina tuna alkawarin da na yi wa Hajiya. Sai Iya ta gyara zama ta ce, "Alhaji, a bar maganar. Yarinyar nan kirki ne da ita, shi ya sa take kare ni. Zan tafi wurin ɗana."

Labule ya motsa.

"Alhaji," in ji Hajiya, daga bayan labule, "angona ne. Sabon angon nan nawa da ke ɗaki. Shi da mai ɗauke da shi ake dafa wa ruwa. Itace ya jiƙe, na sa hita. Ni na sa, ba kowa ba."

Alhaji ya kalli ƙasa, ya ja carbi ɗaya, biyu. Kunnuwansa har sun yi ja. Ba zai iya ambatar 'yarsa ba, ba zai iya faɗa a kan ruwan jego ba, ga mutane sun zuba masa ido. Can sai ya ɗago.

"Au! Wannan ja'irin? Ya zo ya ƙwace mini mata, bai ishe shi ba, sai ya haɗa da wutata? Ko haƙori bai yi ba ya iya sata!"

Gida ya fashe. Maman Joy har da zama a ƙasa. Wata ta rangaɗa guɗa. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce katin da aka yi asara a wuyansa yake. Sannan ya taso daga kujera, ya zo har gaban Iya, ya ɗan rusuna.

"Iya, na yi miki laifi. A mayar da kayan nan ɗaki."

"Ba komai, Alhaji. Allah ya raya mana ɓarawon."

Mata suka ɗauki buhuna suka mayar. Na tsaya taya Iya kwancewa. Ina jera mata kwanuka sai idona ya kai tagarta. Daga kan gadonta, daidai inda take kwanciya, ana hango kan katangar nan da wayar ta bi, ana kuma hango rumfar. Mace mai sana'a da lantarki, wadda ta san hita tun kafin in san tasta.

Na ce, "Iya. Kin sani."

Ta ci gaba da warware igiya.

"Iya, da kin bar ɗakinki a kan abin da kika sani? Me ya hana ki faɗa?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na tambaye ta abin da yaro ma ya sani.

"Zainabun nan, ranar da aka haife ta ni na fara goya ta. A bayan nan nawa ta yi fitsarinta na fari. Yau ta haihu, sai in je gaban ubanta in kai ƙarar ruwan wankanta?" Ta miƙo mini bakin igiyar. "Riƙe nan, 'yata. Zoɓona na narkewa."